Irin Alayyafo na Gida: Yadda Ake Zaɓensa, a Tsare Shi, a Ajiye

Duk wanda ya saba sayen ganye a kasuwar Bakin Dogo ta Kaduna, ko a ta Kawo ranar Talata, ya san alayyafo ba ɗaya ba ne. Akwai mai faɗin ganye, kore shar, wanda masu sayar da abinci ke so don yana cika tukunya. Akwai mai siririn ganye mai tsini. Akwai mai jan kara da jajayen jijiyoyi, wanda kan ɗan rina ruwan miya. Wani da an yanke shi sai ya sake tohowa, a yi ta yanka har sau uku ko huɗu kafin ya gaji. Wani kuwa bai kai kamu ɗaya ba zai fid da kai, ganyen ya tsaya cak. Uwargida mai miyar taushe, da mai faten tsaki, da Bayarbiya mai miyar ganye, ba alayyafo ɗaya suke nema ba, kuma mai lambun da ya daɗe a sana'ar ya san na kowa.

Wannan bambanci duk a cikin iri yake kwance, 'yar baƙar ƙwayar nan mai sheƙi wadda sai ka tara wajen 3,000 kafin su yi nauyin giram ɗaya. Masana sun ƙirga nau'in alayyafo da danginsa sama da 60 a duniya. Wanda aka fi nomawa a Afirka ta Yamma, mai suna Amaranthus cruentus a kimiyyance, asalinsa daga wajen Meksiko da Gwatamala yake, inda ake nomansa don farar ƙwayarsa da ake ci. Namu na ganye ne, baƙin iri gare shi, kuma manoma ne suka yi ta zaɓensa shekara da shekaru har kowane yanki ya sami wanda ya dace da ƙasarsa da ruwansa da bakin mutanensa. Ba a ofis aka yi wannan aiki ba, a fadama aka yi shi da bayan ɗaki. A nan kuma yake lalacewa idan aka yi sake.

Ga yadda yake lalacewa. A lambuna da yawa na bakin Kogin Kaduna, tun daga Kawo da Rafin Guza har Malali da Unguwar Rimi da Kabala, mai kyau ake tugewa a kai kasuwa. Wanda ya rage a gefen fangali, wanda ya riga ya yi fure har ɗan gwari ya ƙi saye, shi ake bari ya zama iri. Saurin fure kuwa gado ne. Makiyayin da ke sayar da manyan ragunansa kowace Sallah ya bar ramamme yana barbara, ya san abin da garkensa zai koma nan da 'yan shekaru. Haka mai lambu: bana ya ɗebi irin mai saurin fure, baɗi ya sake, sai a wayi gari yana kukan alayyafon yanzu ba ya auki, ya ɗora laifin a kan taki ko ƙasa. Daga nan sai ya watsar da na gida ya auno na kasuwa a gwangwani, wanda mai sayarwar ma bai san daga ina ya fito ba. Iri guda da aka gada ya tafi ke nan, ba wanda ya ji labari.

Abin da ke biye hanya ce ta hana wannan, kuma ba ta buƙatar komai sai fangali ɗaya, da kwalba, da kula.

Fangalin iri

Ka fara da sanin abin da ke hannunka. Ka zagaya lambu ka tantance ko alayyafo iri nawa kake nomawa, ka tambayi dattawan fadamar sunan da suke kiran kowanne da inda aka samo shi. Kada ka raina na tsofaffin mata da ke tsirowa bayan ɗaki ko bakin rijiya, don sau da yawa a wurinsu ake samun wanda ya ɓace daga kasuwa. Kowanne ka ba shi suna, ko da na wanda ya ba ka ne ko na unguwarsu, ka rubuta a ɗan littafi, da boko ko da ajami. Ka ɗauki hoton ganyen da karan da kan da wayarka.

Sai ka ware fangali na musamman don iri. Alayyafon kasuwa a cunkushe ake yafa shi, a tuge bayan mako uku zuwa biyar. Na iri yana son sarari. Ka yi reno, bayan mako biyu zuwa uku ka dasa da tazarar kamu guda tsakanin tushe da tushe, yadda za ka iya ganin halin kowanne shi kaɗai. Ka ba shi ruɓaɓɓen taki na gida. Kada ka cika masa yuriya, don tana sa kara ya yi tsawo ya yi laushi, iska ta kwantar da shi kan ya faɗa cikin laka.

Lokaci yana da muhimmanci a Kaduna, domin daminarmu doguwa ce, daga wajen Afrilu ko Mayu har Oktoba. Kan da ya nuna cikin marka ruɓewa yake yi, ko ƙwayar ta tsiro tun tana jikin uwa. Daga shuka zuwa nunar iri wata uku ne zuwa huɗu. Saboda haka in ka shuka a Agusta ko farkon Satumba, zai nuna cikin Nuwamba ko Disamba, daidai lokacin da hunturu ya busar da gari. Wannan lissafi yana da wani amfani kuma: tsiron zai sha ragowar ruwan damina yana ƙarami, ka ga wanda ke jure ruɓewar toho da tsutsa mai naɗe ganye, sannan ya shiga rani ka ga wanda ke jure ƙishi. Mai noman rani zalla ma yana iya cire iri cikin Fabrairu ko Maris, sai dai ya sani ya zaɓi abin da ya dace da rani ne kawai. Wanda ke noma damina da rani ya kamata ya riƙa ɗibar iri daga shukar lokutan biyu.

Zaɓe, da yawan tushen da za a zaɓa

Nan ne zuciyar aikin, don haka zan ɗan daɗe a kai.

Da tsiron ya kai munzalin yanka, ka bi layi-layi da safe kana dubawa. Duk wanda ya riga 'yan uwansa fid da kai, tuge shi a kai kicin. Haka mai cuta, da tsumburarre, da wanda ganyensa ya murɗe. Ka yi wannan tun kafin su buɗe fure, don in suka buɗe sun riga sun watsa bununinsu ga sauran. Ragowar ka yanke su yankan farko, ka bar kamar ɗani guda daga ƙasa, ka sayar da ganyen. Ka ga fangalin iri ma bai hana ka kuɗin cefane ba. Bayan mako biyu ka dawo ka ga wanda ya fi saurin tohowa da yawan rassa, ka ɗaura masa ƙyalle. In da hali ka tsinki ganyen waɗanda ka ɗaura wa ƙyallen a dafa a gida, ka ji ta bakin uwargida: wanne ne ya yi laushi, wanne ne ya narke ya zama ruwa, wanne ne ke da ɗan ɗaci ko kaushi a harshe. Masu dafawa suna ganin abin da mai lambu ba ya gani, kuma su ne masu saye.

To, tushe nawa za a ɗaura wa ƙyalle? Tushe guda mai ƙoshi yana ba da ƙwaya dubbai masu yawa, har ta ishi ƙaramin lambu shekara guda. Shi ya sa mutane ke barin tushe ɗaya ko biyu su ce ya wadatar. Ta fuskar yawa ya wadatar, amma ta fuskar gado an tafka asara. Alayyafo yana ɗauke da furen namiji da na mace a kai guda, kuma galibi shi ke barbarar kansa, don haka 'ya'yan tushe ɗaya kusan duk halin uwarsu suke ɗaukowa. Abin da muke kira irin gida kuwa taron dangi ne: a ido kamarsu ɗaya, amma wani ya fi jure zafin bazara, wani ya fi jure jiƙa, wani tsutsa ba ta cika damunsa ba. Shekarar da cuta ta zo, wannan bambancin ne ke sa wasu su faɗi wasu su tsaya. In duk lambun jikokin tushe ɗaya ne, abin da ya kayar da ɗaya shi zai kayar da duka.

Ga lissafi mai sauƙi. A ce cikin kowane tushe 10 na lambunka akwai guda ɗaya mai wani hali na alheri da ido ba ya gani. In ka ɗebi iri daga tushe 5, damar da kake da ita ta haɗawa da mai wannan hali kashi 41 ce cikin 100. In daga tushe 10 ne, ta kai kashi 65. In daga 30 ne, ta kai kashi 96. Shi ya sa nake ganin kada mai lambu ya yi ƙasa da tushe 30 ga kowane iri. Wanda yake da fili ya kai 50. Uwargida mai shuka a buhu ko tsohon bokiti ta yi iya ƙoƙarinta ta kai 10, sannan ta riƙa musaya da maƙwabta masu irin nata don cike gurbin.

Akwai kuma wani abu da ake mantawa. In ka zuba kawunan duka wuri ɗaya ka murje, manyan tushe biyu ko uku ne za su mamaye kwalbar, sauran su zama 'yan rakiya. Don haka ka murje kowane kai daban, ka ɗebi cokali ɗaya daga kowanne ka haɗa. Wannan haɗin shi ne uwar iri, wadda za ka sake shukawa a fangalin iri na gaba. Ragowar ka gauraya don shukar kasuwa ko sayarwa.

Kada kuma zaɓen ya yi tsanani har ya zama aski. Abu uku ake kora: saurin fure, cuta, da rashin ƙarfi. Amma in wani tushe ganyensa ya ɗan fi duhu, wani karansa ya ɗan fi gajarta, alhali duk lafiyayyu ne masu auki, ka bar su a cikin dangi. Wanda ya bambanta ƙwarai, misali ja a cikin kore, in ya burge ka cire irinsa daban ka ba shi nasa suna, ka ga abin da zai haifa.

Tsare shi daga gauraya

Ko da yake alayyafo ya fi barbarar kansa, iska tana ɗaukar bununinsa zuwa maƙwabta, kuma wani kaso na ƙwayar kan zama ruwa biyu. Masu harkar iri kan ba da tazarar mita 150 ko fiye tsakanin iri da iri. A fadamar cikin gari, inda lambun wani ke manne da na wani, wannan ba mai yiwuwa ba ne, don haka sai dabara.

Mafi sauƙi ita ce kada ka bar iri biyu su yi fure lokaci guda. Ja bana, kore baɗi, tun da iri mai kyau yana shekaru a kwalba. Alayyafon kasuwa da ake tugewa kafin fure ba ya gurɓata komai, saboda haka abin lura kawai shi ne wanda aka bari ya yi kai, naka da na maƙwabci. Ku yi magana da juna. In kuka daidaita kan iri ɗaya a kaka ɗaya, kun ma ƙara yawan tushen da ake ɗiba. Layuka uku ko huɗu na masara a kewayen fangali suna rage abin da iska ke kawowa, ko da ba su hana duka ba.

In dole ne iri biyu su haɗu, sai a rufe kan. Da zarar ya fito, kafin furen ya buɗe, ka sa masa ambulan na takarda mai kauri ko jakar yadi mai matsattsen saƙa, ka ɗaure daga ƙasa, ka kafa sanda ta tallafe shi. Kowace safiya ka ɗan girgiza don bununin ya zuba a kan furen mace. Gidan sauro ba ya wannan aiki, ƙofofinsa sun yi wa bununi faɗi. Leda kuma dafa kan take yi.

Sai 'yan uwansa na daji: zaƙi-banza, da rukuɓu, da mai ƙayar nan da ke cika juji da bakin kwata. Wasunsu suna iya barbara da wasu nau'o'in na gida, kuma ko ba su yi ba, ƙwayarsu tana shiga cikin iri ba a gane ta. Ka nome su daga kewayen fangalin iri kafin su yi fure. Ban ce a shafe su daga doron ƙasa ba. Ganye ne da ya ceci mutane a shekarun yunwa, kuma masu bincike suna neman halin juriya a jikinsu. Nesa da fangalin iri kawai ake so su tsaya.

Girbi da shanya

Kan alayyafo ba ya nuna gaba ɗaya, daga ƙasa yake farawa ya hau sama. In ka jira saman ya nuna, na ƙasa ya zube. Alamar ita ce ka murza wani sashe a tafin hannu: in ƙwaya ta zubo da sauƙi, baƙa mai sheƙi, mai tauri a farce, kuma kan ya fara sauya launi, lokaci ya yi. Ka yanka da safe kafin iska ta taso, ka sunkuyar da kan cikin buhu ko roba tun kafin ka sa wuƙa.

A inuwa ake shanya, inda iska ke ratsawa, a kan zane ko tsohon buhu da aka shimfiɗa bisa tabarma. Kada a baza a kan kwano ko siminti da tsakar rana, zafin yana kashe ƙwayar alhali a ido lafiyarta lau. Cikin hunturu mako guda ya isa. A tsare shi daga kaji da tsuntsaye da tururuwa, waɗanda kan kwashe iri ƙwaya-ƙwaya cikin dare ɗaya. In ya bushe ka murje, amma ka sa safar hannu ko ka naɗe hannun da tsumma, don ƙaiƙayinsa yana da tsini. A tankaɗe da rariya, sannan a bakace a faifai a hankali, ana hurawa da baki. Iskar hunturu ta yi masa ƙarfi, in aka sheƙa shi yadda ake sheƙar gero rabi zai bi iska. Ƙwayar da ta tashi tare da ƙaiƙayi a ƙyale ta, holoƙo ce. Bayan an tsabtace a sake baza shi kwana uku ko huɗu.

Ajiya

Abokan gaban iri biyu ne, danshi da zafi. Wani masanin iri na Amurka, James Harrington, ya fitar da ƙa'idar da har yau ake aiki da ita: duk lokacin da danshin ƙwaya ya ragu da kashi 1 cikin 100, tsawon ranta yana ninkuwa, haka ma duk lokacin da zafin ma'ajiya ya sauka da digiri 5. Manyan rumbunan iri na duniya kan busar da ƙwaya har danshinta ya koma kashi 3 zuwa 7, su ajiye a sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri. Mu ba mu da wannan sanyi, amma Allah ya ba mu hunturu, wanda ke busar da iri kyauta. Aikinmu shi ne mu kulle wannan bushewa kafin damina ta dawo. Irin da aka ƙulle a tsumma aka soke a rufin ɗaki yana shan danshin Agusta ya mutu a hankali, shi ya sa ake cewa irin bara ba ya fita.

Ka nemi kwalbar gilashi mai murfin da ke da roba a ciki, ka wanke ta bushe sarai. Ka gwada bushewar irin da gishiri: zuba busasshen gishiri cokali ɗaya da ɗan iri a wata kwalba, ka rufe, ka girgiza, ka bar shi ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin gilashi, da sauran shanya. Don ƙarin tsaro ka soya ɗanyar shinkafa ba mai har ta fara ja, ka rufe ta ta huce, ka ƙulle a ƙyalle ka jefa cikin kwalbar irin, za ta tsotse ragowar danshi. Gawayin da aka gasa ya huce ma yana yi, haka 'yan ƙullin nan da ake samu cikin kwalin sabon takalmi ko na magani, in an fara shanya su a rana.

Ka rarraba irin a ƙananan ambulan kafin ka sa a kwalba, ko ka yi kwalba biyu, ta amfani da ta ajiya, don kada ka riƙa buɗe uwar iri cikin damina. Takarda ɗaya a ciki, ɗaya a manne a waje: sunan iri, inda aka samo, wata da shekara, yawan tushen da aka ɗiba. A ajiye a wuri mafi sanyi da duhu a gidan, nesa da murhu da rufin kwano. Firiji yana da kyau in kwalbar ta rufu gam, ɗaukewar wuta ba za ta yi mata illa ba. Sai dai in ka fito da ita ka bari sanyin ya sake ta kafin ka buɗe, in ba haka ba raɓa ta sauka a kan ƙwayar. Irin da aka yi wa haka yana kai shekara huɗu ko biyar yana tsirowa.

Amma sai an gwada akan san na ƙwarai. Kowace shekara, kafin shuka, ka ƙirga ƙwaya 100 a kan farar takarda da jiƙaƙƙen tsinken sakace, ka jera a kan ƙyalle mai danshi cikin faranti, ka rufe da wani farantin, ka ajiye a wuri mai ɗumi. Cikin mako guda ka ƙirga waɗanda suka tsiro. Rumbunan iri kan sabunta nasu in ya faɗi ƙasa da kashi 85. Ga mai lambu, in ya gaza 70 to bana ne za a kai shi fangalin iri, kada a jira baɗi, domin waɗanda ke mutuwa da fari suna tafiya da nasu halin. Sabon iri kan yi ɗan barci, don haka kada ka yanke masa hukunci sai ya yi wata ɗaya ko biyu da girbi.

Kada kuma ka shuka uwar iri duka. Rabi a ƙasa, rabi a kwalba, har sai sabon ya shigo hannu. Mazauna bakin kogi ba su manta ambaliyar 2003 da ta 2012 ba, lokacin da ruwa ya shafe lambuna ya shiga gidaje. Wanda irinsa ke lambu da ɗakin da ke kusa da lambun, rana ɗaya ya rasa duka. Ka kai kwalba guda wurin ɗan uwa a tudu, Unguwar Sarki ko Tudun Wada ko ƙauyenku. Manyan cibiyoyi ma haka suke yi. Da yaƙi ya raba cibiyar binciken noma ta ICARDA da rumbunta na Halab a Siriya, ajiyar da ta kai rumbun Svalbard na ƙasar Norwe, wanda aka buɗe a 2008, ita ta karɓo a 2015 ta sake kafa rumbu a Labanon da Maroko.

Sauran ganyen miya

Wannan tsari yana aiki ga sauran ganyenmu, da ɗan gyara. Lalo ya fi barbarar kansa, kuma shi ma iri-iri ne, mai faɗin ganye da mai yatsu. A cire kwanson da ya bushe kafin ya tsage. Ƙwayarsa tana da taurin fata, don haka kafin shuka ko gwaji a ƙulle ta a ƙyalle a tsoma a tafasasshen ruwa daƙiƙa biyar zuwa goma, a tsame a shanya a shuka nan da nan. Yakuwa da rama kuwa ƙwaro ne matsalar gurguzunsu, a busar sosai a gauraya da toka mai laushi. Gasaya ta fi kowa son kula, don ƙwari ne ke yi mata barbara, tana gauraya da sauƙi, kuma tana son tushe da yawa. Mu nan mun bar ta a matsayin ciyawar juji, alhali a Kenya da Tanzaniya nomanta ake yi a kai kasuwa. Binciken da masana na Jami'ar Abomey-Calavi ta Jamhuriyar Benin da ta Wageningen ta ƙasar Holan suka wallafa a 2019 ya nuna gasayar Afirka ta Yamma gajeruwa ce mai ƙananan ganye, ta Gabashin Afirka doguwa, kuma sinadaran gina jikin da ke cikinsu ma sun bambanta. Ma'ana, in tamu ta ɓace ba za a aro ta daga Nairobi ba.

Ba ina hana kowa sayen ingantaccen iri na fakiti ba ne. Wasu suna da auki ƙwarai, kuma galibin na alayyafo ba masu aure ba ne irin na masara, ana iya cire irinsu a sake shukawa. A gwada su a fangalinsu daban, kusa da na gida, a gani da ido damina da rani. Abin da nake roƙo shi ne kada zuwan baƙo ya sa a kori ɗan gida, domin shi kansa ingantaccen daga irin manoma aka tace shi. Cibiyar NIHORT da aka kafa a Ibadan a 1975, mai reshe a Bagauda ta Jihar Kano, ita ke da alhakin binciken kayan lambu a ƙasar nan. Cibiyar NACGRAB, ita ma a Ibadan tun 1987, ita ce rumbun iri na ƙasa. A Arusha ta Tanzaniya kuma Cibiyar Kayan Lambu ta Duniya tana riƙe da dubban samfuran ganyen Afirka. Da yawa daga abin da ke cikin waɗannan rumbuna daga hannun manomi aka karɓo shi, kuma abin da ba a kai musu ba ba su da shi.

Saboda haka in kana da wani tsohon iri da ka gada, ko ka san tsohuwar da ke da shi, ka ninka shi a fangalin iri na bana. Ka ba maƙwabta biyu ko uku da sharaɗin su dawo maka da cokali guda bayan girbi. Sannan ka ɗebi wani a ambulan, da sunansa da tarihinsa a rubuce, ka ba malamin gona na hukumar da aka fi sani da KADP, ko ka kai Samaru ta Zariya, inda cibiyoyin IAR da NAERLS na Jami'ar Ahmadu Bello suke, ka nemi a haɗa ka da masu kula da rumbun iri.